Romin, Sabon Layi ko Sauya Sheƙa: Wanne Ya Fi Maka?

Duk wanda zai ƙetare iyaka da waya a aljihu, ko sarin kaya zai kai shi Maraɗi ko sauke farali zai kai shi Makka, hanya uku ce a gabansa. Ko ya bar layinsa na gida ya ci gaba da aiki a can, wato romin, ko ya sayi layin ƙasar da ya sauka, ko kuma, in wayarsa ta masu tsada ce, ya sayi eSIM na matafiya, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da kati ba, tun kafin ya tashi. Shi kuwa wanda ba ya zuwa ko'ina amma rashin sabis ya addabe shi a gida, zaɓinsa biyu: ya ƙara layi, ko ya ɗauki lambarsa ya koma wani kamfani da ita. Duka tambayoyin jijiyarsu ɗaya. Ya za ka yi da lambar da kowa ya san ka da ita?

Domin lambar nan ta daina zama ta kira kawai. Ita ce a jikin asusun bankinka, ta nan alat ke shigowa, ta nan ake turo lambar sirrin da in babu ita ba za ka tura ko sisi ba. Tun watan Disambar 2020 da gwamnatin Najeriya ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, layi ya zama wani yanki na shaidar mutum. WhatsApp ɗinka ma a kanta aka ɗaure shi. Saboda haka ra'ayina tun daga farko shi ne: layin gida a riƙe shi a raye, amma kada a ɗora masa hidimar tafiya. Sauran bayanin duk a kan yaushe wannan ra'ayi ke aiki ne, da yaushe yake faɗuwa.

Abin da ke sa romin tsada

Galibi kamfaninka ba shi da ƙarfen sabis ko guda a ƙasar da ka je. Yarjejeniya ya ƙulla da wani kamfani na can: in mutumina ya zo ka saukar da shi, ka turo mini lissafi. Kamar fatoma ne da baƙin fatake, zai ba ka masauki ya haɗa ka da jama'a, amma la'adarsa na cikin kowane ciniki. Ga la'adar mai masauki, ga ribar kamfaninka a kai, kuma lissafin tsakaninsu da kuɗin waje ake yi. Shi ya sa duk ranar da naira ta faɗi, romin na cikin abubuwan da ke fara jin jiki.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne biyan kuɗi don amsa kira. Wanda ya kira ka daga Kano lambar Najeriya ya buga, kuɗin kiran gida zai biya, bai ma san ka tsallaka ba. Kiran zai fara isa wajen kamfaninka, shi kuma ya ɗauke shi ya bi ka da shi har Damagaram ko Madina. Wannan zango na biyu a wuyanka yake. To ka ɗauki alhazai biyu 'yan gari ɗaya, a masauki ɗaya a Makka, ɗaya a hawa na bakwai ɗaya a ƙofar otal, kowa da layinsa na gida.

"Alhaji, kana ina ne? Mun sauko fa, mota na jira."

"Ga ni nan, Alhaji, lif nake jira. Ka ce wa Hajiya ta kama mana wuri."

Wannan 'yar maganar sai da ta je Najeriya ta dawo. Mai kira ya biya kuɗin kiran ƙasar waje, mai amsawa ya biya nasa, alhali da an leƙo ta taga an ɗaga murya da an ji juna.

Saƙon tes kuwa, karɓarsa galibi kyauta ne. Nan ne amfanin romin na gaskiya yake. Layinka na cikin waya, ba ka kira, ba ka amsawa sai ta kama dole, amma alat da lambar sirrin banki suna samunka a duk inda kake. Sai dai kada ka dogara da lambobin nan masu tauraro da ake tura kuɗi da su, don a ƙasar waje ba kullum suke tafiya ba. Manhajar bankin ta fi tabbas. Kuma kafin ka tashi ka kira 300, lambar kula da abokan hulɗa da duk kamfanonin Najeriya suka koma amfani da ita tun 2023, ka tambayi abu uku: an buɗe wa layinka romin, akwai mafi ƙarancin kuɗin da dole ya kasance a ciki, kuma da wane kamfani suke da yarjejeniya a ƙasar da za ka. Tambaya ta ukun ita aka fi mantawa, ita ce kuma mai tasiri, domin rangwamen da ake tallatawa sau da yawa a kan kamfani ɗaya ko biyu kawai yake aiki. In wayarka ta kama wani daban, farashin ma daban ne.

Data ita ce ramin da ya fi cin mutane. Idan ba ka sayi kunshin romin ba, da megabait ake lissafa maka. Ka duba farashin megabait ɗaya a ƙasar da za ka, ka ninka shi sau dubu, ka ga kuɗin gigabait guda, sannan ka kwatanta da abin da kake saye a gida. Yawancin mutane daga nan suke rufe maganar. Kuma ba sai ka taɓa wayar ba. Tana aljihunka za ta sauke bidiyon da aka tura zauren 'yan makarantarku, ta ɗora hotunanka a ma'ajiyar intanet, ta sabunta manhajoji. Maɓallin da aka rubuta wa "Data roaming" a cikin saitin waya, a kashe shi tun a gida, kada a bari sai an sauka. Kunshin romin yana rage zafin, amma ka karanta wa'adinsa da abin da zai faru in ya ƙare. Wani kunshin in ya ƙare datar tsayawa take yi, wani kuwa sai ya juya kan kuɗin katinka ba sallama.

Ba duk romin ne ɗaya ba

Wanda ke zirga-zirga tsakanin Najeriya da Nijar ko Chadi yana da wata dama da mai zuwa Saudiyya ba shi da ita. Airtel ne kaɗai kamfanin da ke aiki a ɓangarorin biyu na iyakar Najeriya da Nijar, yana kuma Chadi. Abin ya samo asali tun zamanin Celtel, wanda ya fito da tsarin One Network a gabashin Afirka a 2006, ya faɗaɗa shi zuwa Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan a 2007, aka riƙa tsallaka iyaka da layi ɗaya ba tare da cajin amsa kira ba. Celtel ya zama Zain a 2008, Zain ya zama Airtel a 2010, sharuɗɗan sun sha canzawa, amma har yau romin tsakanin ƙasashen da kamfani ɗaya ke riƙe da su ya fi sauƙi a mafi yawan lokaci. MTN kuwa ba ya Nijar, ba ya Chadi, amma yana Kamaru da Ghana da Benin da Sudan. Saboda haka ɗan kasuwar Mubi mai shiga Garwa da Marwa, da mai kai albasa Kumasi, lissafinsu ya sha bamban da na mai bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ko Kwangwalam zuwa Damagaram. Moov Africa kuma yana Nijar da Chadi da Benin da Togo da Burkina Faso da Mali, abin da ke yi wa direbobin Kwatano da Lome amfani.

Siyasa ma ta shigo ciki. ECOWAS ta amince da dokar rage kuɗin romin tsakanin ƙasashenta tun 2017, amma aiwatarwa sai ƙasa da ƙasa sun zauna. Ghana da Kwaddibuwa ne suka fara a 2023, inda matafiyi ke amsa kira kyauta har kwana talatin. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ita da Mali da Burkina Faso kuma sun ƙulla tasu yarjejeniyar soke cajin romin a tsakaninsu a ƙarshen 2024. Ma'ana, mai layin Nijar da zai je Wagadugu ko Bamako ya samu sauƙi, amma hanyar Kano zuwa Maraɗi, wadda ta fi kowace ɗaukar Hausawa, ba ta cikin ko ɗaya daga tsare-tsaren nan biyu.

Akwai kuma romin ɗin da ba kai ka nema ba. Sabis bai san shingen kwastan ba. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni 'yan kilomitoci ne, haka Kamba da Gaya, haka Gamboru da Fotokol da gada kawai ta raba. Kana zaune a rumfar mai shayi a ɓangarenka, fasfo ma ba ka da shi, sai saƙo ya shigo da Faransanci ana yi maka barka da zuwa, ka duba saman wayar ka ga ƙaramin harafin R ya hau kan sandunan sabis. Ƙarfen da ke tsallake ya fi na gida ƙarfi a wurin, wayar kuwa mai ƙarfi take bi. Daga wannan lokacin duk kiran da ka yi wa maƙwabcinka na ƙasar waje ne. Maganinsa ba wuya: ka shiga saitin layi, ka cire zaɓen netwok daga na kai-tsaye, ka zaɓi kamfaninka da hannu. Wayar za ta gwammace ta zauna ba sabis da ta kama na baƙo. In ka tashi tsallakawa da gaske sai ka mayar.

Sayen layin ƙasar da ka je

A Nijar kamfani huɗu ne: Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan sayar da shi a 2019, sai Niger Telecoms na gwamnati. Lambobinsu takwas ne bayan +227. A Kamaru MTN da Orange ne manya, a Chadi Airtel da Moov Africa, a Ghana MTN da Telecel da AT. Ko'ina sai da takardar shaida ake yin rajista.

Mutane kan tsaya a kan arahar data da kira, kuma gaskiya ne, farashin 'yan ƙasa za ka biya. Amma babbar ribar layin gari ba a aljihunka take ba, a aljihun wanda zai kira ka take. Dillalin da ke kasuwar Maraɗi ba zai ƙona kuɗinsa yana kiran lamba mai +234 ba. Filashin zai yi maka ya jira. In kana cikin hayaniya ba ka gani ba, kayan sun tafi hannun wanda ake iya samu da kiran gida. Direban da zai ɗauko maka kaya, mai masauki, yaron da ka aika, duk haka. Harkar kuɗi ta waya a can ma da lambar ƙasar ta fi tafiya. Mai zuwa kasuwa duk wata ba tare da layin garin ba, tsimin da yake ganin ya yi bai kai cinikin da ke wuce shi ba.

Illarsa kuwa ɓata lokaci wajen rajista, da sanar da mutane sabuwar lamba, da ragowar kuɗin da za ka bari a ciki in ka dawo, da kuma mutuwar layin in ka daɗe ba ka koma ba. Wannan ɓata lokacin shi ke tura mutane wajen yaran tasha masu sayar da layin da aka riga aka yi wa rajista. "Wane rezo kake so, Alhaji? Ga shi nan da kiredi a ciki, sakawa kawai za ka yi." Kada ka saya. Da sunan wani aka yi rajistarsa, ba ka san wane ne ba, ba ka san me aka aikata da layin ba. Ranar da ya ɓata ko aka toshe shi ba ka da bakin nemansa, kuma duk wanda ka bai wa lambar ya rasa ka.

Tsoron da ya fi hana mutane canza layi shi ne WhatsApp, kuma tsoro ne na banza. WhatsApp ba ruwansa da sim ɗin da ke cikin waya bayan an gama rajista. Intanet kawai yake so. Ka sa layin Nijar ko na Saudiyya, ka sayi data, zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka, iyali ba za su ga wani canji ba. Abin kiyayewa biyu ne: in ya tambaye ka ko za ka canza lamba, ka ce a'a, kuma kada ka goge manhajar ko ka sauya waya a can alhali layin gida ba ya tare da kai, don zai nemi tura lambar tabbatarwa ga tsohon layin. Kiran murya a kansa bai cika cin megabait guda a minti ba, na bidiyo ne mai ci.

Ga mahajjaci maganar a bayyane take. Zaman wata guda ko fiye ba na romin ba ne, ko da kamfanonin gida sun fito da kunshin Hajji kamar yadda suka saba duk shekara. Manyan kamfanonin Saudiyya uku ne, STC da Mobily da Zain, suna da rumfuna a filayen jirgin Jidda da Madina da kewayen Harami. Da fasfo da biza da zanen yatsa ake rajista, don haka kowa da kansa zai je, ba a aike. Dattijuwar da ba ta iya karatu ba ita ta fi kowa buƙatar lambar Saudiyya, a rubuta mata a jikin jaka da katin wuyanta, domin in ta ɓace a Mina duk wanda ya tsince ta, ko jami'in da ke nemanta, da kiran gida zai samu 'yan tawagarta. Kiran WhatsApp a can ba kullum yake shiga ba, saƙon murya ya fi tabbas. A ranar Arfa da kwanakin jifa kuma, inda jama'a fiye da miliyan ke cunkushe a fili ɗaya, kowane layi na iya yin nauyi. A sa wurin haɗuwa da lokaci tun kafin a rabu.

To yaushe romin ya fi? In tafiyar ta kwana ɗaya ce zuwa uku, ta biki ko ta'aziyya ko taro, inda masu masaukinka na tare da kai kuma akwai wanda zai kunna maka intanet daga wayarsa. In za ka ratsa ƙasa uku a mako guda, sayen layi a kowace iyaka wahala ce. In kuma aikinka na amsa kira ne da lambar da aka sani, kamar likita ko lauya ko mai kamfanin sufuri, to kuɗin amsawar yana cikin kuɗin sana'a. Da tafiya ta kai mako, ko ta zama ta yau da gobe, layin gari ya ci.

Shi kuwa eSIM na matafiya, irin na su Airalo, gajeriyar magana ce. Ba kati ba ne, saukewa ake yi a cikin waya. Yawancinsu data ce zalla, ba lambar da za a kira ka, kuma da katin da ke biyan dala ake saye. Ya dace da mai Umara ta kwana goma ko mai zuwa Dubai ko Guangzhou da ke son ya sauka daga jirgi da intanet a hannu. Ga hanyoyinmu na ƙasa kuwa bai cika yin araha ba, kuma galibin wayoyin Tecno da itel da Infinix da ke hannun jama'a ba sa ɗaukarsa. Ka danna *#06#. In ka ga wata doguwar lamba mai suna EID tare da IMEI, wayarka na ɗauka.

Sai wayar ta yarda

Duk wannan lissafin ya tsaya ne a kan waya mai karɓar kowane layi. Sababbin wayoyin da ake sayarwa a kasuwanninmu a buɗe suke zuwa, galibi da gurbin sim biyu, kuma wannan gurbi na biyun shi ne ya warware rabin matsalar matafiyi: layin gida a ɗaya don saƙo, layin gari a ɗaya don kira da data. Matsala tana wajen wayoyin da aka yi amfani da su a waje, musamman na Amurka. A can kamfanoni irin su AT&T da T-Mobile kan sayar da waya a kan biya kaɗan-kaɗan, su kulle ta a kan layinsu har sai an gama biya. In ta iso nan a kulle, sai a saka mata wani siririn cip a ƙarƙashin sim don ta yarda da layinka. Tana aiki, an kuma rage maka kuɗi, kana murna. Ranar da ka sauka a Jidda ka zare sim ka sa na can, ko ranar da wayar ta sabunta kanta, sai ta ce ba ta san zancen ba, mai gyaran da ya saita ta kuwa yana Kano.

Saboda haka in kana gaban kanta a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, kada ka tsaya a duba kyamara da lafiyar batir. Ka ce a buɗe gurbin sim a gabanka ka ga ko akwai abin da aka shimfiɗa a ciki. Ka sa layinka, ka yi kira, ka cire, ka ari na wani kamfanin ka sake gwadawa, ka kunna data a kowanne. A iPhone, cikin shafin bayanin waya, akwai layin da ke faɗin ko a kulle take. Abin da kake so ka gani shi ne "No SIM restrictions". Ka kuma sani cewa iPhone ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka, daga 14 da ta fito a 2022 zuwa sama, ba ta da gurbin sim sam, eSIM kawai take ɗauka. A Najeriya za ka samu, MTN ya fara bayarwa tun 2020, amma a ƙaramin gari a tsallaken iyaka kana iya yawo da kuɗi a hannu ka rasa mai saka maka layi. Ƙananan na'urorin intanet na aljihu da kamfanoni ke sayarwa da rangwame su ma galibi a kulle suke.

Akwai kuma maganar zangon da waya ke kamawa. Kowane kamfani da mitar da yake watsa 4G a kai. Mita ta ƙasa, irin 700 da 800, tana tafiya nesa tana ratsa gini. Ta sama, irin 1800 da 2600, tana ɗaukar kaya da yawa amma ba ta nisa. Glo ya kafa 4G ɗinsa a kan 700, abin da ya sa a farkon lamarin wayoyi da dama suka kasa kama shi, MTN kuma ya samu ta 800 ne bayan sayen Visafone a 2016. Shi ya sa mutum biyu za su zauna a benci ɗaya da layi iri ɗaya, ɗaya na kallon bidiyo ɗaya na ɗaga waya sama. Kafin ka yanke wa kamfani hukunci, ka gwada sim ɗinka a wata wayar.

Sabis a gida: ƙara layi ko sauya sheƙa

Tun 22 ga Afrilun 2013 hukumar sadarwa ta NCC ta ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa. Za ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da shaidarka da lambar NIN, ka cike takarda, ka tura kalmar PORT zuwa 3232 daga tsohon layin, a ba ka sabon sim. Kyauta ne, kuma bai kamata ya wuce kwana biyu ba. Bayanan da ka bayar dole su dace da na rajistar farko, in kuma kamfanin na binka bashin kati sai ka biya. Kuɗi da data da garaɓasar da ke tsohon layin duk sun tafi, don haka ka cinye su tukuna, ka kuma kwashe lambobin da ke ajiye a kan sim zuwa waya. Bayan ka koma akwai wa'adin da sai ya cika kafin a bar ka ka sake tashi. Wannan tsari ne ya sa 0803 ba lallai MTN ba ce yanzu, 0802 ba lallai Airtel ba, 0805 ba lallai Glo ba. Kuma a cikin ƙasa kawai yake aiki. Ba a mayar da lambar Najeriya ta zama ta Nijar.

Wa ya fi sabis? A lissafin ƙasa baki ɗaya MTN na da fiye da rabin masu layi, Airtel kusan kashi ɗaya cikin uku, Glo na biye, sai 9mobile da ya koma T2 a 2025, wanda a shekarar ya ƙulla yarjejeniyar amfani da turakun MTN, wato romin na cikin gida. Amma wannan lissafi ba ya gaya maka komai game da ɗakin kwananka, ko rumfarka a can cikin Kantin Kwari inda gini ya haɗe sama, ko gonarka a bayan gari. Sabis abu ne na unguwa. Ƙarfe ɗaya da injinsa ya tsaya don rashin gas, ko wayar ƙarƙashin ƙasa da masu aikin titi suka datse, ya isa ya mayar da babban kamfani abin tausayi a gari guda. Sandunan da ke saman waya ma ƙarfin siginar suke nunawa, ba yawan mutanen da ke rububinta ba. Ranar kasuwa sai su cika fal, saƙo kuma ya ƙi tafiya. Gani ya kori ji: ka sayi layin kamfanin da ake yaba maka, ko ka ari na ɗan'uwa, ka zauna da shi mako guda a wuraren da kake wuni, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ke kan intanet. Sauya sheƙa a kan talla ko a kan fushin rana ɗaya shi ke kai mutum ga zaman jiran wa'adi a inda ya fi na baya muni.

A ganina, ga yawancin mutane ƙara layi ya fi sauya sheƙa. Ranar 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, wasu layuka sun durƙushe, bankuna sun rikice, amma Glo da ke da tasa wayar daban ya ci gaba da aiki. Mai layi biyu ya juya data kawai. Bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025 kuma, mai layi biyu na iya bin duk inda kunshi ya fi sauƙi a wannan watan. Iyakar wannan dabarar ita ce ranar da aka kashe duka, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021 da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, har mutanen Gusau suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don kira ɗaya. A irin wannan rana yawan layukan gida ba ya tsinana komai.

Wanda sauya sheƙa ta dace da shi shi ne wanda lambarsa ta zama allon shagonsa: tela, makaniki, mai gyaran famfo, mai sayar da abinci, wanda aka rubuta lambarsa a bango da jikin Keke Napep shekara da shekaru, ya kuma koma unguwar da layin ba ya kamawa. Shi sabon layi ba zai yi masa magani ba, domin tsohuwar lambar ake kira. Haka mai ƙaramar waya mai sim ɗaya da ba ya son yawo da biyu.

Ɗalibin da zai yi shekara a Alƙahira ko Madina, da mai aikin da zai daɗe a Agadas ko Accra, nasu haɗarin daban ne. Layin da ya yi kimanin wata shida ba a yi abin da ya ci kuɗi a kansa ba ana iya rufe shi, in shiru ya ci gaba a sake sayar da lambar ga wani, alat ɗin bankinka ya riƙa faɗawa wayar baƙo. Karɓar saƙo kaɗai ba lallai ya isa ba. Ka riƙa sa masa kati ta manhajar banki, kana tura tes guda duk bayan 'yan makonni. In kuwa ka san ba za ka iya ba, ka shiga banki kafin ka tashi a mayar da alat ɗinka kan imel ko wata lambar da za ta ci gaba da zama a hannunka.